Ranar da Na Kwance Goyon Inna

Kafin daminar da yayanku Abba ya yi ciwon haƙarƙari, abin da na yi imani da shi shi ne jahilci kaɗai ke kashe yara a ƙasar nan, kuma duk gidan da ilimi ya shiga ya yi sallama da irin wannan mutuwa. Da wannan aƙida na fito daga jami'a, da ita na kama aiki a ma'aikatar ilimi a Kaduna, aka ba ni gida a Unguwar Rimi mai famfo da wutar lantarki, mahaifiyarku kuma tana koyarwa a wata makarantar firamare. Na kuma ɗauka cewa mutumin da ke kan gaskiya, duk abin da ya aikata dominta ba zai bar rauni a jikin kowa ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan babi shi ne maganar da na ji Safiya tana yi wa wata ƙawarta, cewa tabon da ke jere a haƙarƙarin yayanta kakarsu ce ta sa aka yi masa, ta kusa kashe shi, kuma kunyar abin ce ta hana ta zuwa gidanmu har ta rasu. Na tabbata ba ita ta ƙirƙiro ba, haka kuka daɗe kuna faɗa wa juna. In aka cire Abba, babu ɗayanku da ya taɓa zama da matar nan na yini guda, amma kun yanke mata hukunci kun rufe shari'a. To ga yadda abin ya faru daga bakin wanda aka yi a gabansa.

Ku da kuka tashi kuna hawa cinyata kuna ja mini gemu, da wuya ku fahimci matsayin ɗan fari a gidan da na fito. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya tambayar lafiyarsa da bakinsa. Uwa kuwa kunyarta ta fi tsanani. Idan yaron ya faɗi a gaban surukarta, sai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga shi. Ɗan fari na kakanni ne, iyayensa masu kallo ne daga nesa. Shi kuma Abba abin ya zo masa biyu, domin sunan mahaifina Haruna aka sa masa, kuma an haife shi mahaifin nawa bai daɗe da rasuwa ba. Babu mai iya furta sunan a gidan, shi ya sa ya zama Abba. Inna, mahaifiyata, ita Maigida take ce masa. Da lokacin yaye ya yi aka kai shi wurinta a Tudun Wada, gidan da take zaune tare da Yaya Sani da iyalinsa, kuma kowa ya san ba zai dawo ba. Ban yi gardama ba. Na lissafa abin cikin al'adun da ba su da cizo, irin waɗanda ɗan boko zai iya bari su wuce don a zauna lafiya. Na kuma ga yadda matar da ta yi shekara ba ta dariya ta koma tana faɗa da yaro ɗan shekara biyu a kan wai bai ba ta kuɗin cefane ba.

Dole in faɗa muku yadda mahaifina ya rasu, in ba haka ba sauran labarin ba zai yi muku ma'ana ba. Tela ne a Babbar Kasuwa, kuma shi ma ƙirji ne ya kama shi. Ina jami'a a Zariya aka aiko mini, na zo na tarar ana ta jiƙe-jiƙe, na dage sai an kai shi asibiti, aka kai shi. A ɗakin maza aka kwantar da shi, inda mace ba ta kwana, kuma ba a shiga sai lokacin dubiya da yamma. Wata safiya Inna ta zo da kwanon kunu, maigadi ya tsayar da ita a ƙofa ya ce lokaci bai yi ba. Tana zaune a gindin wata darbejiya tana jiran lokaci ya yi, mijinta ya cika a ciki, babu wanda ya riƙe masa hannu, babu wanda ya laƙƙana masa kalmar shahada. Hularsa da takalmansa aka fito mata da su. Ba ta taɓa ce mini ni ne na jawo ba, ko sau ɗaya. Abin da kawai na lura shi ne, ko a mota muka bi ta gaban asibitin nan sai ta juya fuskarta ɗaya gefen.

A watan marka ne abin ya faro, shekarar da aka yi wa ma'aikatan gwamnati babban ƙarin albashi har na sayi 'yar ƙaramar mota. Ruwa ya yini ya kwana yana zuba, ɗakunan ƙasa na Tudun Wada duk sun jiƙe, tufafi ba sa bushewa. Ranar Asabar muka je gaida Inna kamar yadda muka saba, muka tarar da Abba a bayanta, jikinsa da zafi, yana tari. Na ce Allah ya sawwaƙe, kamar yadda zan ce wa ɗan maƙwabci. Mahaifiyarku, Binta, ta durƙusa ta gaida Inna, ta shiga madafa ta taya matar Yaya Sani aiki, ban ga ta dubi inda yaron yake ba. Sai da muka kama hanyar gida, mun kusa Unguwar Rimi, sannan ta yi magana tana kallon taga.

"Malam, mutumin Inna, ka lura da numfashinsa?"

"Mura ce. Kowane gida akwai ta a wannan ruwa."

"Hancinsa yana buɗewa yana rufewa. Da ta sauke shi na ga fatar ƙasan haƙarƙarinsa tana lotsawa ciki in ya ja iska."

"Ashe kin dube shi."

"Ta madubin da ke bangon ɗakin Inna na gani."

Washegari na koma ni kaɗai. Na tarar Inna ta haɗa duk abin da ta sani. Tana gasa masa ƙirji da tsumma da ruwan ɗumi, ta shafe shi da man shanu da tafarnuwa, ta sa garwashi a kasko ɗakin ya yi ɗumi, ga zuma, ga ruwan rubutu a ƙoƙo. Ba ta kwantar da shi, don ta lura in ya kwanta numfashin ya fi yi masa wuya, saboda haka a bayanta yake yini, tana kai da komo a ɗaki tana yi masa 'yar waƙa. Duk gidan ba ya karɓar ko ruwa a hannun kowa sai ita, ita ma sai ta yi ta lallashi, cokali ɗaya na kunu yanzu, wani an jima. Na zauna a bakin ƙofa na yi ta kewaye-kewaye, domin ba zan iya cewa na damu ba. Daga ƙarshe na ce ko za a bari likita ya duba shi, tunda mota tana nan. Ta yi dariya, irin dariyar da ake rufe ƙofa da ita.

"Kai Ummaru, ina ruwanka da mijin mutane? Sanyi ne ya shige shi. Kai ma ka yi irinsa kana kamarsa, ga ka nan har da mota."

"Inna, akwai irin sanyin da yake sauka cikin huhu. Wannan sai allura."

"To a yi masa allurar a nan. Allurar tana da ƙafa ai."

Yaya Sani ya ji wannan, ya ga hanyar da zai faranta wa kowa. Ya je ya ɗauko wani mai kemis na unguwar, mutumin da ya taɓa aikin share-share a wani asibiti ya dawo ana ce masa dokta. Ya yi wa yaron allura guda, ya bar wani jan magani a kwalba. Zazzaɓin ya sauka, Abba har ya sauko ƙasa ya yi wasa da murfin kwano, aka aiko mana cewa an samu sauƙi. Na yi murna, kuma wani ɓangare na murnar shi ne ba sai na sake fuskantar Inna ba. Ban san cewa allura ɗaya a irin wannan ciwo kamar watsa wa gobara ruwa da ludayi ba ne. Da zafin jikin ya sauka aka ajiye kwalbar, saboda a fahimtar gidan mai lafiya ba ya shan magani. Ciwon ya ɗan ja da baya, sannan ya dawo da ƙarfinsa.

Ina ofis da hantsi aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga Binta tsaye a baranda, hannunta fari fat da alli, gyalenta ya jiƙe. Ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba. Ashe ta bar ajinta ta hau motar haya ta je Tudun Wada da sunan kai wa Inna gero, ta ga abin da ta gani, ta kasa cewa komai, ta fito ta taho wurina. A wannan karon ba ta ce mutumin Inna ba.

"Malam, yarona zai mutu. Sun kira wanzami."

Ko da muka isa, wanzamin ya riga ya gama. Wani dattijo ne da aka ɗauko daga Rigasa, wadda a lokacin ƙauye ce, yana zaune a zaure yana goge askarsa, ƙahonninsa a cikin zabira. Ya yi wa yaron tsaga a haƙarƙari dama da hagu, ya kafa ƙaho ya zuƙe abin da ya kira mataccen jini. Ya ce mini in kwantar da hankali, ya fitar da ciwon. A tsakar gida matan maƙwabta sun cika rumfa, sun zo dubiya. Inna tana tsaye da yaron a bayanta, jini ya ɗan ɓullo ta majanyi. Abba bai yi kuka ba, kuma rashin kukan ne ya tsorata ni. Kansa ya langaɓe, leɓɓansa sun yi duhu, duk numfashin da ya fitar sai ya haɗa da wani ɗan nishi, kamar mai ɗauke da kaya a kan tudu. Na durƙusa na gaida Inna a gaban matan nan, na ce na zo a kai shi asibiti.

"Ba inda za shi. Yanzu aka yi masa aiki, a bari aikin ya kama."

"Inna, dubi bakinsa."

"Ni nake kwana da shi, ni za ka nuna wa bakinsa? Na ba ku na farko, kuka kai shi can kuka dawo mini da hula da takalmi. Wannan in Allah ya yi nufin karɓarsa, a bayana zai karɓe shi, ina jin ɗuminsa."

Na juya wurin Yaya Sani, wanda yake tsaye a bakin zaure da ma'aunin ɗinki rataye a wuya. Shi ne babba, da ya sa baki da wataƙila abin bai kai inda ya kai ba. Ya dubi ƙasa.

"Umaru, Inna ta yi magana. Ka bari zuwa gobe mu gani."

Na sha tambayar kaina me ya kamata in yi a wannan lokaci. Da na je na kira limamin unguwa, ko wani abokin mahaifina da take jin nauyinsa, da ƙila an rarrashe ta. Amma yaron yana nishi a gabana, kuma ban ga alamar yana da goben da Yaya ke magana a kai ba. Na miƙe tsaye, na faɗi kalmar da babu wani namiji a zuriyarmu da ya taɓa faɗa wa uwarsa a kan ɗan fari.

"Inna, ɗana ne. Ni na haife shi. Ki ba ni ɗana."

Wata tsohuwa ta ce, "A'uzubillahi." Inna ta dube ni kamar tana neman gane ko wane ne. Ba ta motsa ba, ni kuma na matsa na sa hannu na kwance majanyin da ke ɗaure a ƙirjinta. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Namiji baligi, mai digiri, ya sa hannu a ɗaurin ƙirjin uwarsa a gaban matan unguwa. Sai da ta yi sauri ta dafe zanenta da hannu biyu don kada ya zame, kuma cikin wannan dafewa ne yaron ya sulmiyo hannuna. Na rungume shi na fita. Wannan ne karo na farko da na ɗauke shi tun haihuwarsa, kuma abin da na fara ji shi ne ba shi da nauyi. Ina buɗe mota sai ga Inna ta biyo mu, ba takalmi, ta yafa wani tsohon mayafi. Ta shiga baya ta zauna. Na ba Binta yaron don in tuƙa, Binta ta miƙa mata shi, ta karɓa. Haka muka tafi, mu huɗu, Abba yana ta nishi.

A ɗakin yara wata ma'aikaciyar jinya ce ta tarbe mu, Sista Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, doguwa, mai saurin hannu da saurin baki. Ina bin ta bashin godiya har gobe, domin ba ta tsaya tambayar komai ba sai da ta sa wa yaron robar iska a hanci ta aika a kira likita. Amma da ta cire masa riga ta ga tsagar, sai ta ɗago kai.

"Kai jama'a! Wane marar imani ne ya yanyanka yaro haka? Yaro na neman iska ku kuna zubar masa da jini?"

Inna tana tsaye a gefen gadon, hannunta a kan ƙafar yaron. Likitan ya zo, wani Ba'indiye, ya saurari ƙirjin, ya ce limoniya ce ta kama huhun dama kuma ta fara taɓa na hagu. Ya ce za a riƙa yi masa allurar fenisilin dare da rana, a ƙara masa ruwa, a ɗauki hoton ƙirji in ya ɗan farfaɗo, sauran kuma sai abin da Allah ya yi. Ya wuce. Sai Sista ta dube mu ta ce dokar ɗakin mutum ɗaya ne ke zama da yaro, kuma uwarsa ce.

"Wace ce uwar yaron?"

Tambaya ce da take yi kullum, kuma a wurinta amsar ba ta da wuya. Binta ta sunkuyar da kai. Ba za ta iya buɗe baki a gaban surukarta ta ce ita ce uwar ɗan fari ba, ko da za a yanka ta. Sai Inna ta ce, da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba, ƙasa-ƙasa, kamar mai roƙo:

"Ni ce."

"Haba Mama, ke da ganinki kaka ce. Wadda ta haife shi nake nufi. Malam, wace ce matarka?"

Na nuna Binta da hannu. Abin da na yi ke nan, ɗaga hannu kawai. Sista ta kama kafaɗar Inna cikin ladabi ta ce ta yi haƙuri ta dawo da yamma lokacin dubiya, ta raka ta har ƙofa. Ta taga na hango ta ta tsallaka fili cikin yayyafi, ta je ta zauna a gindin darbejiyar nan, ita dai wadda ta zauna a ƙarƙashinta ranar da mahaifina ya cika.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai, kuma shi ne ba wanda ya taɓa gaya muku. Da allurar ta fara aiki Abba ya buɗe ido, ya ga mace a kansa wadda bai saba da ita ba. Binta ta kawo masa cokali ya ture. Ta ɗauke shi ya banƙare yana kiran Inna da 'yar muryar da ta rage masa. Uwar da ta haife shi tana zaune tana hawaye, yaron yana ƙin ta, matar da kaɗai yake karɓar abinci a hannunta kuma tana waje a gindin bishiya da kwanon kunu a cinya. Dole aka zura masa roba ta hanci ana ɗura masa madara. Da yamma aka bar Inna ta shigo. Yana ganinta ya yunƙura zai hau bayanta, ya fizge allurar ƙarin ruwan da ke hannunsa, jini ya ɓata zanen gado, numfashinsa ya sake rikicewa, aka yi ta fama kafin a samu wata jijiyar. Sista ta ja ni gefe.

"Malam, ka yi wa Mama magana. In tana zuwa yaron nan ba zai kwanta ba. Ta bari sai ya warke."

Na roƙe ta a musanya, Inna ta zauna Binta ta koma gida. Ta ce ba ita ta kafa dokar ba, kuma tsohuwar da ta kira wanzami ba za a bar ta da yaro mai roba a hanci ba, kada a wayi gari ta ɗura masa wani jiƙo. Ni na fita na gaya wa Inna, a gindin bishiyar, ina tsugune. Ta saurare ni har na gama, ta miƙo mini kwanon.

"A ba shi in zai sha. Na sa tsamiya kaɗan, ba ya son ta yi yawa."

Duk kwanakin da ya yi a asibitin, kullum da safe tana zuwa da ƙafa daga Tudun Wada, ta zauna a wurin nan har la'asar, ko ana ruwa ko ba a yi. Ba ta sake neman shiga ba. In na fito ta dubi fuskata, ta karanta abin da za ta karanta, ba ta tambaya. A ciki kuma zazzaɓi ya sauka, aka cire robar iska, tsagar da ta fara ruruwa aka wanke ta ta kame. Yunwa da gajiya suka sa Abba ya fara karɓar cokali a hannun Binta, wata rana kuma na shiga na tarar ya yi barci a ƙirjinta. Na yi farin ciki, ba zan ɓoye muku ba. Sai da na fito na hango Inna sannan na gane abin da farin cikin nawa yake nufi a wurinta.

Ranar da aka sallame shi likita ya ce a ci gaba da ba shi magani a kan lokaci har ya ƙare, ko da ya ga kamar ya warke, a kuma riƙa dawo da shi ana dubawa. Na ce wa Inna zai ɗan zauna a Unguwar Rimi har maganin ya ƙare, sannan a mayar mata da shi. Da gaske nake a lokacin. Ta ce to. Ba a yi mako ba sai ga Yaya Sani da ƙullin kaya a bayan kekensa: 'yan rigunan Abba, da ɗan kwanonsa, da majanyin, an wanke shi an ninke. Na ɗauki wani dattijo abokin mahaifina muka je ba ta haƙuri. Na durƙusa na faɗi duk abin da ake faɗa. Ta bari na gama.

"Na yafe maka duniya da lahira, Malam Umaru. Ai ba ka yi ƙarya ba. Ɗanka ne."

Tun ina cikin tsumma Ummaru take ce mini. Daga ranar na zama Malam Umaru, tana yi mini sannu da zuwa kamar baƙo, tana sa a shimfiɗa mini tabarma. Da muka kai mata Abba ya ruga zai hau bayanta, sai ta shafa kansa ta ce, "Je ka wurin uwarka, ɗan Malam." Ba ta ƙara ce masa Maigida ba. Yaro ne, ya yi kukansa na 'yan kwanaki ya manta.

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina juya wannan al'amari. In aka mayar da ni tsakar gidan nan, zan sake ɗaukar yaron, domin na ga hoton huhunsa da idona, kuma ga shi yau yana tafiya da ƙafafunsa. Amma na daina yarda cewa gaskiya tana wanke hannun mai ita. Ina jin haushin al'adar da ta hana uwa ta ce ɗanta ba shi da lafiya sai ta leƙa ta madubi. Ina jin haushin asibitin da ya san yawan allurar da huhu ke bukata amma bai san cewa a garin nan wadda ta goya yaro ita ma uwa ce ba, ya kuma kori mace ɗaya daga ƙofa ɗaya sau biyu. Ina jin haushin Yaya Sani, Allah ya jiƙansa, da ya zaɓi kallon ƙasa ya bar ƙaninsa ya zama marar kunyar gidan. Yanzu kuma ga ku, kun ga tabo kun gina labari a kansa. Tsagar nan kuskure ce, ta ƙara wa yaron wahala, ban taɓa cewa ba haka ba ne. Amma matar da ta sa aka yi ta ita ce ta yi kwanaki ba ta kwanta ba don kada numfashinsa ya tsaya, kuma duk abin da ta sani a duniya ta yi masa, ba ta rage komai ba. Kai Abba, in ka cire riga ka ga layukan nan, ka yi mata addu'a.

Da kaka ta yi, aka gama girbi, Inna ta ce za ta je ƙauyenmu a ƙasar Soba ta ga dangi. Ba ta dawo Kaduna ba. Da aka haifi Safiya ta aiko da daddawa da kuka da zane ɗaya, haka ta yi a haihuwar kowannenku. A can ta rasu, shekara tara bayan wannan damina, a ɗakinta, ƙanwarta na riƙe da hannunta. Ba mu sake kai wani yaro yaye gidan kowa ba, ita kuma ba ta sake goya ɗan kowa ba.